Rasuwar Ƴar Kwatano da Tambayoyin da Ta Bari

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, wadda kuma ba ta rasa ƴan tambayoyi a ƙarƙashin baƙin cikin ba, Alhaji Maliki Inusa na unguwar Zariya yake sanar da ƴan uwa da abokan arziki na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa rasuwar motarsa, wadda babba da yaro suka sani da suna Ƴar Kwatano. An ce ta cika ne da safiyar Talatar da ta wuce, a tsakar gida, ƙarƙashin itacen bedin da ta saba kwana, tana da shekara ashirin da shida a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a ƙasar Turawa kafin ta ƙetaro teku. Mai sanarwa ya rubuta "an ce" da saninsa, kuma zai dawo kan wannan.

Wanda ya fara shigo da mota cikin wannan zuri'a shi ne mahaifinsa, marigayi Alhaji Inusa Tibiri, Allah ya jiƙansa, a shekarar 1971, bayan kakar gyaɗa. Ranar da ya shigo da ita ya kafa ƙa'ida a gaban kowa, cewa a gidan nan ba a sake mota don an hango wadda ta fi ta ƙyalli, sai ta mutu da kanta. Da motar tasa ta mutu a 1987, makullin wadda ta gaje ta ya koma hannun babban ɗa, wato mai wannan sanarwa, tsohon kuwa bai sake zama bayan sitiyari ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Abin da aka yi sau ɗaya a gidan Alhaji Inusa ya zama doka, kuma Alhaji Maliki da bakinsa ya maimaita wa ƴaƴansa wannan tarihi sau da yawa, a kan tabarma da cikin mota. Don haka duk mai karanta takardar nan ya fahimci cewa ba ƙarfe kaɗai ya kwanta ƙarƙashin bedi ba. Muddin Ƴar Kwatano na tashi, Alhaji Maliki ke tuƙa kansa. Ranar da ta mutu, hannunsa ya sauka daga sitiyari, bayan shekara hamsin da ɗaya da karɓar permi, wato takardar izinin tuƙi.

Marigayiya shuɗiya ce, ƙirar Faransa, mai faɗin ƙirji da gajerun ƙafafu. Alhaji da kansa ya je bakin ruwa a Kwatano ya zaɓo ta a 1999, ya tuƙo ta kwana huɗu ta Gaya da Dosso da Ƙonni, ba ta ba shi kunya ko sau ɗaya ba. Ita ce ta uku a jerin motocin gidan, kuma ita ce ta fi daɗewa.

Mai tsari ce a rayuwarta. Kullum da hantsi ta kai mai ita kantinsa na kayan gini a Sabon Gari, ta jira shi a inuwar masallaci ba ƙorafi, ta maido shi kafin magariba. Ranar Juma'a bayan an sauko ta kama hanyar Tibiri, a gaishe da yayarsa. Ranar Asabar ta nufi garka a Jiratawa, ta dawo da albasa da zogale har bayanta ya sunkuya. Jikoki tara ta ɗauko daga ɗakin haihuwa. Ragunan layya kuwa ba a ƙirga su, kuma babu wanda ya sauka da karaya.

Ba ta da girman kai, amma tana son a bi ta da ladabi. Sai an taka mata mai sau biyu, an yi bisimilla, an murza makulli, sannan ta ce ƙyar-ƙyar-ƙyar, ta yi tari ɗaya, uhum, irin na dattijon da zai fara magana a majalisa, daga nan ta kama. Ƙahonta faam-fam ne, doguwa da gajeruwa, kuma daga bakin titi matan gida ke jinsa su ɗora ruwan shayi. Hannun ɗaga gilashi guda ɗaya ya rage mata, ana miƙa shi daga gaba zuwa baya, abin da ya koya wa yaran gidan jira da roƙo cikin lafazi mai daɗi. Ƙofarta ta dama ba ta buɗuwa daga ciki tun shekarar da gulbi ya yi ambaliya, dole Alhaji ya zagayo ya buɗe wa uwargidansa, Hajiya Tasalla, duk inda suka tsaya. Shekara goma sha biyar matan Zariya suna yi wa mazansu gori da wannan. Bai taɓa gyara musu fahimta ba, bai kuma gyara ƙofar ba.

Ta rasu ta bar mai ita, wanda rashin ya fi taɓawa. Ta bar Hajiya Tasalla, abokiyar zamanta a kujerar gaba, wadda masu zuwa gaisuwa suka lura ba ta rame ba. Ta bar Abdulmutallib, babban ɗan gidan, wanda a kanta ya koyi tuƙi, ya kuma cinye mata giya ta biyu yana koyo. Ta bar likitanta na tsawon rayuwa, Maman Lawali makanike, mai garaji a Sabon Gari. Ta bar tayar sukur, wato ta ko-ta-kwana, da ba ta taɓa gajiya da jira ba, da jarkar ruwa, da duwatsu biyu na tokare taya, da kaza wake-wake da ke kwanci ƙarƙashinta, da dattawa huɗu na majalisar ƙofar gida waɗanda ke tura ta in sanyi ya yi yawa, kuma yanzu ba su da abin motsa jini.

Game da jinyarta ta ƙarshe, a nan ne alƙalami ke yin nauyi, domin mai sanarwa bai ga jinya ba. Abin da ya gani zai faɗa yadda ya faru, har da wanda bai yi masa daɗi ba.

Ranar Asabar, kwana uku kafin rasuwar, suna dawowa daga Jiratawa bayan la'asar, shi da Hajiya. Kafin su hau babban titi madubin dama ya bugi wani amalanken shanu da ya ɗauko zogale. Dammai suka zube, shanun suka firgita, wata mata da ke zaune a sama da goyo a bayanta ta diro ƙasa ta durƙusa a kan gwiwoyinta. Allah ya kiyaye, ba a zubar da jini ba. Jaririn ya tsala kuka, uwar ta kwance shi ta dudduba, ta maida shi baya, ba ta ko kalli Alhaji ba. Shi kuwa ya ba da haƙuri, ya taya kwashe zogale, ya kuma bayyana wa mutanen da suka taru cewa rana ce ta haske masa ido, kuma amalanken ya faɗo hanya ne ba zato. Suka iso gida. Sai da ya zagayo ya buɗe wa Hajiya ƙofa, ta sauko da ƙafa ɗaya, sannan ta ce:

"Alhaji, tun daga bakin garka nake kallon amalanken nan a hannun dama. Kuma rana tana hagu."

Ya amsa mata da cewa mai riƙe da sitiyari shi ya san abin da ya gani. Gaskiya ne watanni uku da suka wuce Abdulmutallib ya matsa masa sai da suka je wurin lokotoron ido, wanda ya ce ganinsa na gefe yana tafiya a hankali, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa, ya ba da maganin ɗigawa. Gaskiya ne kuma lokotoron bai kai shekarun permin Alhaji ba.

Lahadi marigayiya ta huta. Litinin ta je Sabon Gari ta dawo cikin ƙoshin lafiya, har ta wuce wani mai kabu-kabu a kan hanya. Talata da hantsi Alhaji ya taka mata mai sau biyu, ya yi bisimilla, ya murza. Ta ce ƙyar-ƙyar-ƙyar. Ya jira tarin nan nata, shiru. Ya sake, ta sake, babu uhum. Dattawan majalisa suka taso suka tura ta har bakin titi suka turo ta baya, gumi ya jiƙa musu riguna, ko atishawa ba ta yi ba.

Daga nan ne abubuwa suka fara jeruwa da saurin da mai sanarwa bai saba gani a ƙasar nan ba, kuma yana gabatar da su domin masu hankali su auna.

Ba a aika wa Maman Lawali ba, sai ga shi ya yi sallama. Ya ce wucewa yake yi ya ji jikinsa ya ba shi. Duk wanda ya san Maraɗi ya san gidan Alhaji ba ya kan hanyar ko'ina daga garajinsa. Ya zo ba jakar kayan aiki, sanye da farar shadda mai guga, ranar Talata. Ya ɗaga kapo, wato murfin inji, ya leƙa na ɗan lokacin da bai isa a shanye kofin shayi na farko ba, ya rufe, ya goge hannuwan da ba su taɓa komai ba, ya sunkuyar da kai ya ce inji ya gama aikinsa, kayan irin wannan mota an daina ƙera su, sai dai haƙuri. Wannan kuwa shi ne mutumin da a 2011 ya kwana uku ƙarƙashinta, ya ɗaure mata ciki da wayar keke, ya rantse ba za ta mutu a hannunsa ba. Alhaji ya tambaye shi wace gaɓa ce ta kashe ta. Ya ce duka. Alhaji ya ce a tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin abin da duka gaɓoɓinsa suka mutu rana ɗaya ba, in ba gini ya faɗo masa ba. Maman Lawali ya ce ikon Allah ya fi haka, ya tuna yana da aiki a kan wuta, ya fita da baya-baya.

Sai Alhaji ya zauna ya fara tuna abubuwan da ya gani ya wuce. Wata biyu da suka gabata Abdulmutallib ya kawo magina suka faɗaɗa ƙofar gida da taku biyu, wai don motar yashi ta riƙa shiga. Ba a gini a gidan, kuma motar yashi ba ta zo ba har yau. A makon nan kuma aka ɗaga rumfar kwano sama da kamu uku, wai don iska. Sannan Hajiya ta sa kafinta ya yi mata ƴar kujerar taka ƙafa mai mariƙi a gefe, ta ce ta ɗauko kaya ce daga kan kantar ɗakinta. Alhaji ya zagaya ɗakinta da ido, bai ga kantar da ta fi ƙarfin hannunta ba.

Kafin la'asar ɗin Talatar, gawa ko sanyi ba ta yi ba, Muhammad Auwal dillalin motoci ya zo gaisuwa. Wa ya gaya masa, bai faɗa ba. Ya yi addu'a mai tsawo, ya yabi marigayiya fiye da yadda ya san ta, sannan ya ce ba lokacin maganar ba ne, amma da yake Allah ya kawo shi, akwai kat-kat guda uku a filinsa, irin manyan nan masu tsayin ƙafa da ke ɗaukar iyali gaba ɗaya. A daren nan aka yi wa Alhaji tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, abincin da sai ya roƙa sau uku ake yi. Ya ci, domin ba a fushi da abinci, amma ya sa wannan ma cikin abin lura.

Ranar Alhamis aka kai shi filin. Ya yarda ya je ne don kada a ce baƙin ciki ya hana shi duba maslahar iyali.

Ta farko fara ce ƙal, ƙatuwa, irin ta ma'aikatan proje, wato ƙungiyoyin agaji. Ya ƙi ta nan take, ya ce duk wanda ya gan shi a ciki zai ɗauka ya samu kwangila, a wayi gari ƙofar gidansa ta cika da masu buƙata. Ta biyu baƙa ce mai baƙin gilashi. Muhammad Auwal ya ce ita manya ke so, ba mai ganin na ciki. Alhaji ya ce shi ya sa ba ya son ta: mutumin da ba a ganin fuskarsa ba a gaishe shi, shi ma ba ya gaisarwa, kuma daga Zariya zuwa Sabon Gari akwai hannu arba'in da yake ɗagawa kowace safiya. Ta uku ruwan toka ce, kujera bakwai, cikinta a ɗage yadda yashin Jiratawa da ruwan damina ba za su taɓa shi ba. A kanta kowa ya yi shiru, irin shirun mutanen da suka riga suka gama magana a wani wuri.

Alhaji ya bincike ta yadda ake binciken baƙon da ya zo neman zama a gida. Ya tambayi wane ne mai ita na farko, me ya raba su, kuma in tana da kirki haka me ya sa ya sake ta. Ya tambayi yadda aka yi agogon tafiyarta ke nuna ƙuruciya alhali kujerar direba ta lotsa. Ya ɗebo man injin a yatsa ya shinshina. Aka nuna masa cewa ba ta da makulli, maɓalli ake dannawa. Ya ce abin da ba shi da makulli ba shi da mai shi. Aka nuna masa ita ke sauya wa kanta giya. Ya ce to me ya rage wa mutum, in ban da zama. Dillali ya yi ta dariya yana cewa Alhaji ya fi kwastan tambaya.

Abu uku ya lura da su a wurin, bai kuwa nuna ya lura ba. Da Abdulmutallib ya shiga gwada ta, bai taɓa kujera ba, bai taɓa madubi ba, ƙafafunsa suka sauka daidai kamar an auna, alhali Muhammad Auwal gajere ne, yaron kuwa dogo. Da Hajiya za ta hau, sai ga ƴar kujerar kantar nan ta fito daga cikin mayafi, tsayinta ya zo daidai da matakin motar ba ragi ba ƙari. Na uku kuwa, da suka ja baya, motar ta yi tit-tit-tit da ƙarfi, Abdulmutallib ya taka birki. Alhaji ya ce ga shi nan tun ba a je ko'ina ba ta fara ƙarya. Sai wata akuya ta fito daga hannun dama, kusa da ƙofar Alhaji, tana tafiyarta a natse.

Kafin su tafi ya sa aka ɗaga masa kapo. Komai a lulluɓe da baƙar roba, ba wurin da hannun mutum zai shiga ya ciro wani abu. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Ya ce zai yi shawara.

Ranar Juma'a, karo na farko cikin shekara ashirin da shida, ba a je Tibiri ba. Bayan an sauko daga masallaci gida ya yi tsit, Hajiya ta tafi barka a maƙwabta. Alhaji ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshen bedi, ya ɗaga kapon Ƴar Kwatano. Bai nemi tabarau ba, hannunsa ya san hanya. A gefen inji akwai wani murfi da wayoyin buji, wato filogi, ke fitowa daga kansa. Ya ɓalle maƙalansa biyu, ya ɗaga, ya zura yatsa. A ciki ya kamata a samu wata ƴar baƙar hula wadda ba ta fi babban yatsa ba, mai juyawa tana raba wuta. In babu ita inji zai yi ta juyi har gobe ba zai kama ba. Yatsansa ya sauka a kan sandar ƙarfe tsirara. Hular ba ta karye ba, ba ta narke ba. Cire ta aka yi, da hannu mai tsabta, aka maida murfi yadda yake.

Irinta tana nan a kantuna uku a Sabon Gari, Alhaji ya san su da sunan masu su. Da ya tari kabu-kabu a lokacin, kafin la'asar marigayiya ta yi tarinta, kafin magariba ya gaishe da yayarsa a Tibiri. Ya zauna a kan ɗaya daga cikin duwatsun tokare taya, da hannu baƙi ƙirin, ya daɗe.

Masu karatu za su tambaya yadda aka yi ɗan kasuwa mai sayar da siminti ya san inda zai zura yatsa. Mai sanarwa ya yanke shawarar faɗa, domin tarihin da aka ba da rabinsa ba tarihi ba ne.

A 1987 idon Alhaji Inusa ya fara rauni. Wata ranar kasuwar Tibiri ya ja baya ya murƙushe tulunan wata mai tukwane, ɗiyarta tana zaune taku ɗaya daga tayar. Ya ce yarinyar ce ta matso. Ba wanda ya isa ya ce wa Alhaji Inusa ya ajiye makulli, kuma ga ƙa'idarsa cewa mota sai ta mutu. Babban ɗansa ya je wurin makaniken gidan na wancan zamani, marigayi Idirisa, mahaifin Maman Lawali, suka yi magana a bayan garaji. Idirisa ya nuna masa murfin da maƙalan biyu. Washegari motar ta ƙi tashi, Idirisa ya zo wucewa cikin fararen kaya, ya leƙa, ya ce sai haƙuri. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, ya yi masa godiya, ya sallame shi. Sannan ya kira ɗansa zaure, ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa masa, ya ce:

"Maliki, haɗa shi da abin da ke aljihunka, kada su rabu."

Bai sake tada maganar ba har ya rasu, shekara bakwai bayan haka, kuma duk Juma'a yana zaune a kujerar dama yana gyara wa ɗansa tuƙi.

Alhaji Maliki bai taɓa gaya wa ƴaƴansa wannan rabin ba. Yadda ya isa kunnen Abdulmutallib shi ne tambayar da har yanzu ba a amsa ba. Ko dai Idirisa ya bar wa ɗansa shi tare da kayan aiki, ko kuma wadda ta wanke wata farar riga mai tabon baƙin mai a aljihu a 1987 tana da ƙwaƙwalwa fiye da yadda take nunawa. An tambayi Hajiya Tasalla a kaikaice. Ta ce riguna nawa ta wanke a gidan nan, ta ci gaba da tsince shinkafa.

Yana zaune a kan dutsen nan ya yi ƙoƙarin tuno amalanken ranar Asabar, inda ya fito da yadda ya matso. Ya tuna ƙarar madubi, ya tuna zogale a ƙasa, ya tuna gwiwoyin matar da ƙafar jaririn tana lilo a gefen zane. Amalanken kansa bai same shi a ko'ina ba. Ya tashi ya maida murfi, ya ɗaura maƙalan biyu, ya sauke kapo a hankali yadda ba zai yi ƙara ba, ya wanke hannu da toka.

Bayan magariba Abdulmutallib ya zo ya durƙusa, idonsa a tabarma, ya tambayi ko Baba ya gama shawara. Alhaji ya ce a kawo mai ruwan toka. Yaron ya ce in ba ta kwanta wa Baba a rai ba, ana iya duba wasu, ba gaggawa.

"Ta kwanta wa ƙafafunka," in ji Alhaji. "Ya isa."

Saboda haka mai sanarwa yana janye "an ce" ɗin da ya rubuta a farko. Ƴar Kwatano ta rasu ranar Talata. Shi mai ita ya duba da hannunsa, ya kuma tabbatar, kuma ba ya son wani makanike, na gida ko na waje, ya zo masa da wani ra'ayi.

Ga yadda aka tsara rakiya. Limamin unguwa ya tabbatar da abin da kowa ya sani, cewa ƙarfe ba a yi masa salla, don haka ba za a yi ba. Ranar Lahadi da hantsi za a tashi daga ƙofar gida zuwa garkar Jiratawa, inda gangar jikin motar 1971 take ƙarƙashin mangwaro tana ajiye iri. A gefenta za a kwantar da marigayiya. Ba za a sayar wa masu yankan ƙarfe ba, kada su wahalar da kansu. Magajiyarta ce za ta ja ta da igiya, da tafiyar da ba ta fi ta mai ƙafa ba. Alhaji Maliki zai riƙe sitiyarin Ƴar Kwatano a wannan tafiya, ita ce ta ƙarshe, Hajiya Tasalla tana hannun dama, kuma an ba ta izinin faɗin duk abin da ta gani tun daga nesa. A garka zai miƙa makullin ga Abdulmutallib. Ba za a yi jawabi ba, maganar an riga an yi ta a 1987. Ana dai tunatar da shi ya zo da abin da ke wurinsa. Za a karɓi gaisuwa kwana uku a ƙofar gida, akwai shayi. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ce ai dama ta tsufa. Maman Lawali yana iya zuwa da kayan aikinsa na kullum, an ga shaddar.

Abin da aka samu: kat-kat ɗaya ruwan toka wadda ba a san halinta ba tukuna, kuma za a sa mata ido, ƙofar gida mai faɗi, rumfa mai iska, direba ɗaya ɗan gida, wanda za a riƙa gyara wa tuƙi. Abin da aka riƙe: kujerar gaba ta dama, da ikon faɗin lokacin tashi da hanyar da za a bi; Juma'ar Tibiri da Asabar ɗin Jiratawa; ƙahon marigayiya, wanda za a cire a ajiye; hannun gilashi guda ɗaya; buɗe wa Hajiya ƙofa, ko da sabuwar tana buɗuwa daga ciki, tunda unguwa ta saba; wani gwangwanin alewa a ƙasan akwati mai makulli ɗaya da ƴar baƙar hula ɗaya, shekara talatin da takwas ba su rabu ba; da ƙa'idar Alhaji Inusa, wadda yau ta cika a rubuce, domin jikoki su san ta duka in lokacinsu ya zo.

Akwai na ƙarshe, wanda ba na gidan nan ba ne, amma mai sanarwa ya ce a sa shi. A wani gida a Jiratawa akwai jaririn da Alhaji bai san sunansa ba. An aika an tambayo, an ce yana nan lafiya a bayan uwarsa, har ya fara haƙori.

Sanarwa daga Alhaji Maliki Inusa, unguwar Zariya, Maraɗi, a madadin iyalan marigayi Alhaji Inusa Tibiri.